Kifayen da Suka San Tukunyar Inna

Ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. 'Ya'ya biyu na binne kafin in sami ɗiyar da ta zauna, ba wanda ya kai yaye a cikinsu, kuma duk ciwon ciki ne ya ɗauke su. Shi ya sa da Allah ya ba ni ta ukun na tattara kunya na ajiye gefe. Matan garinmu suka yi ta surutu, wai ba ni da kara, wai ina goyon yarinya har ƙafafunta na dukan cinyata, wai ina shinshina abinci kafin in ba ta kamar wata kyanwa. Na ce su yi ta faɗa. Ba su ne suka zauna da nono cike a ƙirji babu mai sha ba.

Ƙauyenmu yana can gefen Ruwan Godiya, a ƙasar Faskari. Rijiya ɗaya gare mu, ita ma da bazara ta kama sai ta koma taɓo. Daga nan kowa sai tafki. Tafkin yana gindin wani falalen dutse, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin dutsen daga gabas, saboda haka ba ya ƙafewa, sai dai ya tsuke ya koma kamar faɗin tsakar gida biyu. Akwai doka a kansa tun kaka da kakanni, kuma yaro ma ya san ta: ta gabas ake ɗiban na sha, ta yamma ake wanki da shayar da dabbobi, duk wani abu mai datti can ake kai shi. Ba a jefa ƙugiya, ba a sa koma, don kada a dama wa mutane ruwan sha. Wanda ya kuskura ya wanke ko ƙafarsa ta gabas, ranar zai ji bakin tsofaffi.

Surukata, uwar maigidana, wadda duk gidan muke ce wa Inna, tana da wani dutse nata a tsakiya, tsakanin gabas da yamma, inda take wanke tukunyar tuwo kowace safiya. Ba ta yarda wani ya wanke mata. Sai ta jiƙa ƙanzo, ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa bakin tukunyar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, don ya saki. Ranar da na fara raka ta ina amarya, na ga ruwan ya yi duhu daga yamma yana tahowa wajenmu. Na yi tsalle na koma baya, na ce, “Inna, wani abu na zuwa!” Ta yi dariya har da riƙe ciki. Kifaye ne. Karfasa ce a gaba, jere, tarwada na biye ta ƙasa da gashin bakinta, duk sun taho cin ƙanzo.

Na daɗe ina kallonsu, shekara da shekaru, don Inna ba ta gaggawa a bakin ruwa. Akwai wata ƙatuwar karfasa mai yagaggen wutsiya, ita ce kullum kan gaba. Sai ta iso ta ɗauki loma, sannan sauran su afka. In damina ta wuce, za ka ga 'yan ƙanana sababbin ƙyanƙyasa, ba su fi ɗan yatsa ba, sun tsaya can baya sun dunƙule wuri guda, ba su san abin da ƙarar take nufi ba. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga sun matso bayan manyan. Kafin wata ya mutu, su ne ma masu rigegeniya. Inna takan nuna su da muciya ta ce, “Kin ga waɗancan? Ni ban koya masu komi ba. Manyansu suka gani.” Ta ce tun tana amarya ta fara wannan ƙwanƙwasa, kifayen da suka fara amsa mata sun daɗe da zama ƙasa, waɗannan jikokin jikokinsu ne, amma ƙarar ba ta ɓace masu ba.

Tsoro ma haka suke koya wa juna. Wata safiya zalɓe ya sauka kan dutsen Inna bayan mun tashi, ya cafke guda. To, wallahi kwana da kwanaki ko inuwarsu ba mu gani ba, har waɗanda suke can ƙarshen tafki lokacin da abin ya faru. Inna ta yi ta ƙwanƙwasawa tana mita. Sai ran nan mai yagaggen wutsiya ta leƙo ita kaɗai, ta zaga, ta koma, ta sake dawowa ta ci. Kashegari duk suka zo kamar ba a yi komai ba.

Ɗiyata ta tashi da wannan. In mun nufi tafki, ita ce gaba, tana riƙe da 'yar muciyar da kakarta ta sa aka sassaƙa mata. Inna tana ce mata “ƙawata”, suna faɗa kan wanda kifayen suka fi so.

A shekarun nan ne kuɗi suka shigo ƙasa kamar an buɗe masu ƙofa. Taki ya zo tuli, auduga ta yi daraja, gidajen da ba su taɓa ganin kwanon rufi ba suka fara ƙyalli. Kowane saurayi da rediyo a kafaɗa. Malaman gona suka kawo famfon feshi, wanda ake goyawa a baya, da maganin ƙwarin auduga a cikin galan-galan masu kyau, masu marfi mai murɗawa. Maigidana ya yi feshi, audugarsa ta yi fari fat, ya sayar ya sayi babur. Har ni na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na sami atamfa da fitilar ƙwai.

Da bazarar shekarar ce wata Bafulatana mai kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta ba mu labari. Wai can wajen Sabuwa, samarin wani ƙauye sun gano cewa in an zuba maganin auduga a ruwa, kifi na tasowa da kansa, sai kwasa. Suka zuba a tafkin garinsu. Kifi ya taso, fararen ciki sama. Shanu suka sha suka faɗi, mutanen da suka ci kifin suka kwana suna amai. Ta gama labarinta, ta ɗauki ƙwarya ta yi gaba, ta bar ni da shi.

Kai, ranar ban ci abinci ba. Na dubi randarmu, na dubi ɗiyata. Ruwa ne fa. Abinci ina iya shinshinawa, ina iya hanawa, amma ruwa ta yaya zan hana yarinya da zafin bazara? Kuma samarin garinmu ba su fi na can hankali ba, na san su sarai. Na fara tsare randa kamar mai gadi. In yarinyar ta ce ƙishirwa, sai gabana ya faɗi. Na dami maigida, na dami maƙwabta, na ce a kafa mai tsaron tafki. Aka ce matar nan ta fara.

Inna ce ta gaji da ni. Muna bakin ruwa ta ce, “Ke, wai mi ke damunki? Kin rame kamar kara. Dubi nan.” Ta ƙwanƙwasa tukunya, kifaye suka taso. Ta ce, “Su a ciki suke kwana, a ciki suke tashi. In an taɓa ruwan nan, su za su riga kowa sani. Muddin sun amsa mani, ki ɗebi ruwanki ki ba ƙawata ta sha.”

Da wasa ta faɗa, amma ni na riƙe shi da hannu biyu. Daga ranar ba na tsoma tulu sai Inna ta ƙwanƙwasa, sai na ga mai yagaggen wutsiya da jama'arta sun iso suna ture juna. Sannan in sauke ajiyar zuciya in je gabas in ɗiba. Na koma cin abinci. Na koma barci. Kifaye ne suka dawo mini da hankalina, ni da nake ƙyamar ƙarninsu.

Safiyar da abin ya faru, tun kafin hantsi zafi ya sauko. Mun makara, yarinyar ta tashi da ƙishirwa, randa kuma ta ƙare tun daren jiya. Ta ruga gabanmu kamar kullum. Muna shawo kwanar dutse na hango ta durƙushe ta gabas, ta cika tafin hannu tana sha. Na ce, “Ke! Tsaya!” Ina, ta riga ta sha, ta ƙara, ta ƙara. Ta ɗago tana dariya, ruwa na bin haɓarta. Inna ta ce, “Bar ta mana, wajen sha ne ai.”

Ta sauke tukunya a kan dutsenta, ta jiƙa ƙanzo, ta ɗauki muciya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ruwa bai motsa ba.

Ta sake. Na ajiye tuluna ban san na ajiye ba. Ƙanzo ya yi ta yawo a kan ruwa, ba bakin da ya taɓa shi. Inna ta ce, “Halan zalɓen nan ne ya dawo, ɗan banza.” Na ce, “Inna, ƙara bugawa.” Ta buga da ƙarfi har na ce tukunyar za ta tsage. Ɗiyata ma ta zo tana buga tata 'yar muciyar a kan dutse, tana kiransu, “Ku zo mana, ku zo!”

Sai na hango su. Ba ta yamma ba, inda suke fitowa kullum. Can gabas, a bakin idon ruwa, inda sabon ruwa ke tsattsafowa daga dutse, 'yan ƙananan ne suka cure wuri guda, sun haɗa kai da dutsen, bakunansu a sama suna buɗewa suna rufewa. Ba su taɓa zuwa nan ba. Kuma babu babba ko guda a tare da su. Na nuna wa Inna. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, dariyar da ke fuskarta ta tafi. Ta tattare zani ta nufi yamma da saurin da ban san tana da shi ba, ni kuma na sunkuci yarinyar na bi ta.

Suna cikin ciyawar bakin ruwa, fararen ciki sama, iska na kaɗa su. Tarwada wasu na juyi a taɓo. Mai yagaggen wutsiya tana gefe, ta sandare. Ga wani wari siriri, irin wanda ke bin rigar maigida in ya dawo daga feshi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna kuwa ta juya, ta hango mata na gangarowa da tuluna, ta ɗaga muciya sama ta kwarma ihu, “Ku koma! Kada wadda ta taɓa ruwan nan! Ku koma, an zuba magani!” Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ni kuma na durƙusa na zira wa ɗiyata yatsa a maƙogwaro. Ta yi kuka, ta cije ni, ta amayar da ɗan abin da ta amayar. Na goya ta na ruga gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da farko lafiyarta lau. Aka ɗura mata nono, ta sha, ta sauka tana wasa da 'yan kaji. Mata suka cika gidan, wannan ta ce ai ta gabas ta sha, maganin bai kai can ba, waccan ta ce ai ta amayar. Ni dai na zauna a gabanta ina kallon bakinta, ina kallon idonta. Duk motsin da ta yi sai in ce shi ke nan. Na yi ta roƙon Allah a zuci, ina cewa ya Rabbi biyu ka karɓa ban ce komai ba, wannan ka bar mini. Har na fara jin kunya, na fara cewa ko dai tsorona ne kawai.

Sai ta zo ta jingina da ni ta ce cikinta. Na taɓa ta, gumi sharkaf. Yawu ya fara dalala daga bakinta, ba ta iya haɗiyewa. Hannuwanta suka kama rawa.

An riga an aika a kira maigida daga sharar gona. Ya shigo a guje, ya ga yarinyar, ya juya ya turo babur ƙofar gida. Akwai wani galan ɗaure a mazaunin baya, cike da ruwan da ya tafi da shi gona, sai ya kama kwance igiyar don in sami wurin zama. Ya dire shi a gabana. Galan ne mai kyau, an goge shi tas yana ƙyalli, amma hoton ƙoƙon kan mutum da ke jikinsa bai fita ba.

Na ce, “Malam, wannan ba na maganin auduga ba ne?”

Ya ce, “Shi ne. Na ga zai yi ɗaukar ruwa.”

“Ina ka wanke shi?”

“A tafki, jiya da la'asar. Ɗan guntun maganin da ya rage na tuttular a ciki, na wanke da yashi da sabulu.” Ya dube ni, ya ga yadda nake dubansa, sai ya ƙara da sauri, “Amma ta yamma na wanke. Ta wajen wanki. Ban je gabas ba, wallahi ban je ba.”

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Na ga fuskarsa ta zube. Ni kuwa, da ba ɗiyata ce a hannuna ba, ban san abin da zan yi wa bawan Allahn nan ba, mijina ne ko ba mijina ba. Inna ce ta shiga tsakani. Ta ce, “Ba yanzu ba. Ku hau. Ku tafi da galan ɗin, mai magani ya ga abin da ta sha. Kai ma ka sha daga ciki?” Ya ce bai kai ga sha ba, sai ta tuttular da ruwan a ƙasa ta rataya masa galan ɗin a wuya.

Hanyar ba hanya ba ce, yashi ne da kwazazzabai da duwatsu. Na sa yarinyar a tsakaninmu, na matse ta a ƙirjina don in riƙa jin numfashinta. Babur ya yi ta tsalle, galan na dukan tanki. In na ji ta yi shiru sai in girgiza ta, in sa baki a kunnenta in ce, “Ƙawar Inna, kina jina? Kada ki yi mini haka.” Rigar maigida ta jiƙe a baya, ban sani ba ko gumi ne ko yawunta ne. Na tsane shi a hanyar nan, kuma shi kaɗai nake da shi.

A asibitin sha-ka-tafi, malamin asibitin ya dubi galan, ya buɗe idon yarinyar ya leƙa, bai tsaya tambaya ba ya yi mata allura. Can ya sake yi mata wata. Ya ce mu jira, sauran na Allah ne. Muka jira. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, maigida na waje a gindin bishiya ya haɗa kai da gwiwa. Azahar ta yi, ban iya tashi salla ba. Na ga yawun ya ragu, na ƙi yarda. Na ga rawar ta lafa, na ƙi yarda. Sai wajen la'asar ta buɗe ido, ta dube ni, ta ce da 'yar muryarta, “Ruwa.”

Malamin ya ɗebo a randarsu ya miƙo mini moɗa. Na karɓa, na kai bakinta, sai hannuna ya tsaya. Ba tukunya, ba muciya, ba wanda zan tambaya. Na ɗaga moɗar na kurɓa, na haɗiye, na zauna ina sauraren cikina, yarinya na miƙo hannu tana kuka. Malamin ya ce, “Baiwar Allah, ba ta mana, ruwa ne mai kyau.” Na ce na ji. Sai da na ga ban ji komai ba na ba ta.

Ta tashi, Alhamdulillahi. Na daɗe ban yi wa ubanta magana ba, in ban da gaisuwa. Abin da ya hana ni sakewa da fushin shi ne, dokar gari ya bi. Abu mai datti ya kai yamma, kamar yadda uwarsa ta koya masa. Dokar an yi ta ne don sabulu da taɓo da ƙafar saniya, ba wanda ya gaya mana an kawo abin da bai san gabas da yamma ba. Har damina ta sauka, mutanen gari na tafiya mai nisa neman ruwa, ana tonon yashin rafi ana kwarfar ruwa, shi ne kan gaba da baburinsa yana yi wa tsofaffi jigila, ba wanda ya sa shi.

'Yan ƙananan da suka taru a idon ruwa ma ba su kai ba, cikin kwana kaɗan suka bi manyansu. Ruwan sama ya zo ya wanke tafkin, ya cika ya tumbatsa ya haɗe da rafi, sababbin kifaye suka shigo. Da kaka Inna ta ɗauki tukunyarta, muka bi ta ni da ɗiyata. Muna ganinsu a ruwa, da yawa, suna yawo. Ta jiƙa ƙanzo ta ƙwanƙwasa. Jin ƙarar ke nan suka watse fyu, kowa ya kama gabansa.

Yarinyar ta ce, “Inna, sun manta da mu?”

Inna ta ce, “Ba su manta ba, ƙawata. Waɗanda suka san mu sun mutu. Waɗannan ba wanda ya gaya masu.”

Ta ci gaba da zuwa, tana bugawa, tana zuba ƙanzo, tana cewa wata rana wata mai ƙarfin hali za ta fara. Amma gwiwoyinta suka gaza kafin su koya, bayanta kuma ba wanda ke da haƙurinta, ni ma ba ni da shi. Ko da sun koya, ban jin zan sake iya jira a bakin ruwa ina kallo.

Yanzu ɗiyata ta yi jikoki. A birni take, ruwansu na famfo ne da na leda. In na je, yaran suna tsokanata, wai tsohuwa mai kwaɗayi, ko ruwa aka ba yaro sai ta rage. In ƙaramin ya ce ƙishirwa, ni nake karɓar kofin, in kurɓa, in riƙe shi a cinyata ina jira, yana ja ina ja. Kowa na dariya, ban da ɗiyata. Ita takan ce masu, “Ku ƙyale ta, yanzu za ta ba shi.”